Ranar da muka ɗora motar ƙungiya a kan sikeli

Tun bayan zaman da muka yi makon jiya ake ta kirana a waya a kan maganar rage kujeru da kaya a motar tafiya gida Sallah. Wasu sun fahimta, wasu sun ce Sakatare ya zo da sabon abu. Na ga gara in rubuta yadda aka yi tun daga farko, har da nawa laifin a ciki.

Waɗanda suka bi motar bara sun san abin da ya same mu. Mun tashi daga Agege bayan asuba, muka wuce Badun da Ilori lafiya, muka haye gadar Jebba. Kafin mu kai Mokwa, da rana tsaka kwalta ta ɗau zafi, tayar baya ta dama ta fashe. Motar ta yi tangal-tangal ta sauka daga titi, Allah ya sa ba ta kife ba. Wata baiwar Allah ta karye a hannu, yaro ɗaya ya fasa goshi. Da muka dawo Legas kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, wasu suka ce ramuka ne, wasu suka ce tayar 'yar gwanjo ce. Ni da hannuna na rubuta a littafin ƙungiya cewa fashewar taya ce, Allah ya tsare gaba. Ban rubuta cewa a cikin motar akwai jarkokin manja huɗu da janareto da na saya wa mahaifiyata ba. Duk nawa ne, kuma ba ni kaɗai na yi irin wannan lodi ba.

Bana da aka fara rubuta sunaye, wani matashi daga cikinmu ya ɗaga hannu a taro ya ce shin motarmu ba ta cikin waɗanda ake aunawa a sikelin hanya? Ya ce ya gani a waya, a Amurka akwai motoci masu kama da gida, da gado da wurin girki a ciki, kuma masu su kan kai su a auna kafin doguwar tafiya. Aka yi dariya. Direbanmu, wanda ya fi shekara 20 yana bin hanyar Arewa, ya ce sikeli na tirela ne da tanka, shi ba a taɓa tsayar da shi an ce ya hau ba. Ya ƙara da cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Shugaba ya juyo ya ce, "Sakatare, ka bincika mana." Kun san yadda abin yake, duk maganar da aka rasa inda za a ajiye ta, kan Sakatare ake ɗora ta.

Na bincika, kuma direba ya fi yaron gaskiya ta fuskar doka. Ƙa'idar da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2018 a kan nauyin motoci a manyan hanyoyi, ta manyan motocin dakon kaya ce. Ta biyo bayan yarjejeniyar da ƙasashen ECOWAS suka yi a 2012. 'Yan uwanmu masu zuwa Maraɗi da Ƙonni sun san irin wannan a Nijar, domin ƙasashen da ke kashe sefa sun riga mu, tasu tun 2005 take. Abin da ake dubawa shi ne nauyin da ke kan kowane layin ƙafa na mota, kuma layi guda ba a so ya wuce tan 11 da rabi. Motarmu gaba ɗayanta, da mutane da kaya, ba ta kai rabin haka ba. Ko a Amurkan da yaron ya ambata, tashoshin awo na motocin kasuwanci ne galibi, kuma kowace jiha da nata tsarin. Masu waɗancan motoci kuɗinsu suke biya a auna musu, don kansu.

Akwai dalilin da ya sa gwamnati ba ta damu da irin tamu ba. A ƙarshen shekarun 1950 an yi wani gwaji a jihar Illinois ta Amurka, aka yi ta zagaya titi da motoci masu nauyi daban-daban ana duba yadda kwalta ke lalacewa. Aka gano cewa idan nauyin da ke kan layin ƙafa ya ninka sau 2, ɓarnar da yake wa titi takan ninka wajen sau 16. Don haka tirela ɗaya da aka danƙara wa siminti ko ƙarfe ta fi dubban ƙananan motoci cin titi. Duk wanda ya ga yadda kwalta ta lotsa ta yi kwari biyu a hanyar Mokwa, ya ga aikin obalodi da idonsa. Sikelin gwamnati titi yake karewa. Wuyanmu da na 'ya'yanmu ba ya cikin lissafinsa.

Da na tsaya a nan, da na koma taro na ce doka ba ta hau kanmu ba, a ci gaba da lodi. Har na rubuta hakan a takarda. Abin da ya hana ni, hannun matar nan ne. Nakan haɗu da ita a layinmu, har yau ba ta iya ɗaukar bokitin ruwa da shi.

Sai na je wurin mai facin da ke kusa da ofishinmu, wani dattijo Bayerabe, na tambaye shi nauyin da taya ke ɗauka. Ya sunkuya ya share gefen tayarmu da tsumma, ya nuna mini lamba 106. Ya ce kowace taya da irin wannan lamba, kuma ita ke faɗin iyakarta. Na duba jadawalin daga baya, 106 na nufin kilo 950, shi ma sai iska ta cika daidai. Taya huɗu ke nan kilo 3,800, in an raba nauyin daidai wa daida. Ya kuma nuna mini wasu lambobi huɗu da ke faɗin mako da shekarar da aka ƙera tayar. Shekarata nawa ina sa hannu a takardar sayen taya, ban taɓa sanin akwai su ba. Daga nan ya buɗe ƙofar direba ya nuna mini ɗan allon da kamfani ya manna a jikin motar, inda aka rubuta iyakar nauyinta gaba ɗaya: kilo 3,200 da 'yan kai.

Sikeli kuwa ba mu sha wahalar samu ba. 'Yan uwanmu masu harkar tsofaffin ƙarafa kullum a kansa suke, motar kaya ta hau da lodi, ta sauke, ta sake hawa, a cire wannan daga wancan a biya su. Ɗaya daga cikinsu ya yi mana hanya a inda yake kai kaya. Muka je da motar ba kowa a ciki, tanki cike da mai, ta ba da kilo 2,000. Muka dawo ofis muka ɗora duk kayan da mutane suka riga suka kawo, kamar yadda za a ɗora ranar tafiya: buhunan shinkafa, jarkokin manja, huhun goro, firji ɗaya, keken ɗinki, da Ghana-mos-go da ban ƙirga ba. Muka koma. Ni da direba muka sauka muka tsaya gefe, allon ya nuna 2,900.

Direba ya ce sikelin ya lalace. Mai sikelin ya yi dariya ya ce da ya lalace da masu ƙarfe sun ƙona wurin tuni.

Ku yi lissafin da kanku. Abin da ya rage kafin a kai iyakar motar kilo 300 ne, wato mutum huɗu in an ɗauki kowa a kilo 70. Sunayen da ke hannuna kuma 18 ne. Da mun tashi a haka, da mun haura kilo 4,100, mun wuce abin da kamfani ya rubuta da kusan tan guda, mun wuce abin da tayoyin huɗu za su iya ɗauka. Kuma nauyin ba daidai yake rabuwa ba. Muka sa ƙafafun baya kaɗai a kan sikelin, muka ga yawancin kayan a kansu suke, don can muke cusa buhuna a ƙarƙashin kujeru, can ne ƙofar baya ke ɗaure da igiya. Taya mai ɗauke da abin da ya fi ƙarfinta tana lanƙwashewa tana zafi, ga zafin kwalta, ga tafiyar kusan kilomita 1,000. Birki ma ba ya kama mota mai nauyi yadda yake kama marar nauyi. Direba ya daɗe bai ce komai ba. A hanyar dawowa ya ce, "Malam Sakatare, na bara ya fi wannan yawa." Na ce na sani.

Wahalar ba a sikeli take ba, a ofis take. Firjin nan na wani dattijonmu ne, mutumin da ya ba da kaso mai tsoka lokacin da ake karo-karon sayen motar, kuma na kayan ɗakin 'yarsa ne da za a aurar bayan Sallah. Na je har gida na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Yanzu ni za ka auna wa kaya? Ina Agege tun ana sauke goro a tashar jirgin ƙasa, kai ba a haife ka ba." Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, jikokinka biyu suna cikin motar." Ya ce rai a hannun Allah yake. Na ce haka ne Baba. Ban ƙara ba, don ba ni da bakin yin musu da shi a kan wannan, kuma ba don in yi nasara na je ba. Na fito ban san matsayinsa ba. Washegari ya aiko yaro da kura ya ɗauke firjin. Har yanzu in na gaishe shi a masallaci da kai yake amsawa.

Na san abin da mutane ke ji. Mutum ya shekara yana fama a Ikko, yana gadi ko turin kura ko canji, ba ya son ya shiga gida hannu rabbana. Kuma kujera huɗu da aka cire, kuɗinsu kan sauran zai koma, ga tsadar mai. Ma'aji ya yi ta nanata wannan, kuma gaskiyarsa ce. Wasu sun ce motocin haya na tasha sun fi mu lodi kuma suna isa lafiya. Suna isa, mafi yawan lokuta. Mu ma mun isa sau da yawa kafin bara.

Abin da aka tsayar shi ne mutum 14 har da direba, kowa da jaka da ba ta wuce kilo 15 ba. Mun sayi ƙaramin sikeli mai ƙugiya, yana rataye a ofis, kowa ya zo ya gwada jakarsa kafin ranar. Manyan kaya za a haɗa su a ba motocin da ke sauke kayan gwari a Mile 12 suna komawa Arewa, za a rubuta sunan kowa a jikin nasa, a karɓa a Kano. Mutum huɗun da suka zo ƙarshe a rajista mun nema musu kujera a tasha, ƙungiya za ta cika musu bambancin kuɗin. An sauya tayoyin baya biyu da sababbi, rasit ɗin yana wurin Ma'aji ga mai son gani.

Manjana na bana jarka uku ne. Suna cikin kayan da za su bi babbar mota, ni na fara rubuta sunana a takardar. Wanda bai kawo nasa ba ya kawo kafin Laraba da la'asar, don direban ya ce ba zai jira kowa ba.