Kartar majalisa da kartar waya

Rabin gwanintar wasan Poker, kartar Amurkawa da ake zuba wa kuɗi, karanta fuskar abokin karawa ne: rawar yatsu, haɗiyar yawu, ɗan jinkiri kafin a ƙara kuɗi. A 1998 dandalin Planet Poker ya fara karɓar kuɗin gaske ta intanet, a 2003 kuma wani akanta, Chris Moneymaker, ya samu gurbi ta intanet ya je Las Vegas ya lashe dala miliyan 2.5. Daga nan wasan ya bazu a kwamfuta, daga baya ya koma cikin wayoyi, ya bar fuska a baya. A teburi na zahiri akan raba karta kamar sau talatin a awa guda, a intanet kuwa adadin kan ninka, kuma mutum ɗaya na iya zama a tebura da yawa lokaci guda.

Wani malamin makaranta ɗan Kurfi, wanda ke aiki a Dutsin-Ma, ya san gidajen biyu. Ya taso yana buga karta da dara a majalisar unguwarsu, inda wanda aka ci ke shan tsiya, wani lokaci ya sayi goro. Ko da wasu suka sa kuɗi a ɓoye, wasan yana da iyaka. Wanda ya cinye ka maƙwabcinka ne, gobe za ku haɗu a wurin suna ko jana'iza, don haka ba ya iya kwashe maka kuɗin cefane ya kwana lafiya. Kiran sallar magariba na tayar da zama. Idan wani ya fara zarcewa, akwai mai cewa, “Malam, ya isa haka, tashi ka tafi gida.”

Sa'ad da ya koma buga Poker a waya, duk waɗannan suka kau. Kuɗi suka zama lambobi a fuskar waya, abokan karawarsa sunaye ne kawai, kuma ƙarfe biyu na dare daidai yake da hantsi. Ya san hukuncin caca a addini tun yana makarantar allo, kuma sanin bai ragu ba, sai dai babu idon da zai ji wa kunya. Albashi kan ƙare kafin goma ga wata, uwargida tana tambayar kuɗin makarantar yara, shi kuma yana cewa ba a biya ba.

A Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga, har da Dutsin-Ma da Kurfi. Jama'a sun sha wuya: ciniki ya tsaya, ba a jin labarin 'yan uwa. Shi kuwa a watan farko ya ga albashinsa ya kai ƙarshen wata. Da aka maido da layi a Disamba, ya riga ya lissafa abin da wayar ta ci masa, ya faɗa wa yayansa adadin baki da baki.

Hisbah na iya rufe shagon caca, kamar yadda aka yi a Kano a 2024, amma ba ta iya shiga aljihun mutum. Abin da ke tsare mai wasa a majalisa shi ne wani ya san nawa ya zuba, kuma mai wasa a waya sai ya nemo wannan mutumin da kansa.