Takardar da Muka Rubuta a Kan Ƙwallo



Shekara goma sha tara ke nan muna riƙe da alƙalamin fadar Sarkin Hausawan garinmu, a nan kudancin Kamaru. Aikin magatakarda ba ɓoyayye ba ne: dattawa su yanke, mu mu rubuta, a buga hatimi. Mun rubuta takardun aure da na rabon gado, mun rubuta na sulhu tsakanin mahauta da dillalan shanu, mun rubuta wasiƙu zuwa ga hukuma da Faransancin da muka tsinta da girma, don allo muka fara riƙewa kafin littafin boko. A cikinsu duka, guda ɗaya ce ke hana mu sukuni idan muka tuna ta, ita ce kuwa mafi gajarta. Layi huɗu ce, a kan ƙwallo.

A bayan masallacin unguwarmu akwai wani daɓen siminti da iyayenmu suka zuba da kuɗin karo-karo, domin Maulidi da ɗaurin aure da zaman makoki. Shi kaɗai ne sarari a unguwar. Duk wanda ya san zaman Hausawa a garuruwan kudu ya san yadda abin yake: filin da aka yanka wa kakanninmu fatake bai ƙaru da taku ɗaya ba, mu kuwa mun ninka sau da yawa. Gida ya hau gida, lungu ya matse har mai ɗauke da itace sai ya karkata. To, a kan wannan daɓen yaranmu suke buga ƙwallo.

A daminar 2017 ƙwallonsu ta fasa gilashin tagar masallaci sau biyu, ta kuma kifar da butar wani dattijo yana tsakiyar alwala. Aka kawo ƙara fada. Ba a yi doguwar muhawara ba. Aka yanke cewa daga ranar babu wanda zai sake buga ƙwallo a harabar masallaci ko a lungunan unguwa, mai son wasa ya tafi filin gari. Muka rubuta da kyakkyawan rubutu, muka liƙa a bango, muka koma gida muna jin mun yi wa addini hidima.

Filin gari yana ƙetaren babban titi ne, tafiyar kusan rabin sa'a. Yaran suka bi umarni, suka tafi. Abin da ya fara ɓacewa shi ne sahun yara a sallar Magariba. Sai karatun dare ya biyo baya, don wanda ya dawo a gajiye bayan duhu ba ya iya buɗe Ishiriniya. Sannan muka lura da abin da ya fi ba mu tsoro: harshensu ya fara sauyawa. A can filin babu mai kiran ƙwallo da Hausa, sai su dawo suna zance tsakaninsu da Faransancin titi, Hausa ta zama harshen gaida tsofaffi kawai. Kafin shekara ta zagayo, babur ɗin haya ya kaɗe ɗan maƙwabcinmu yana ƙetare titin, ya karye a cinya. Har yau yana ɗingishi. Mahaifinsa bai taɓa ce mana uffan ba, amma duk ranar da yaron ya wuce ta ƙofar fada, idonmu kan koma kan bangon da muka liƙa takardar.

Ɗanmu na uku yana cikin waɗanda aka kora daga daɓen. Tun daga lokacin ya rage zama kusa da mu. Wani dare a watan Oktoba na 2018, lokacin da hankalin manya duk ya tafi kan zaɓen shugaban ƙasa na ranar 7 ga wata, sai ya shigo zaure ya durƙusa, ya miƙo wayarsa ya ce, "Baba, don Allah ku duba girman filin nan."

Muka gyara tabarau. Yara ne samari, biyar nan biyar can, sanye da rigunan ƙasashensu, suna buga ƙwallo a cikin rufaffen ɗaki, a kan daɓe mai santsi, jama'a sun cika benaye suna sowa. Ya ce gasar Olamfik ta matasa ce ake yi a Buenos Aires, babban birnin Ajantina, wasan kuma sunansa futsal. Daga baya muka fahimci cewa sunan ya samo asali ne daga kalmomin Sifaniyanci da na Fotugis masu nufin ƙwallon ƙafa ta cikin zaure. Tun daga nan mu ƙwallon zaure muke ce mata.

Dare bayan dare muka riƙa kallo tare, shi yana bayani, mu muna tambaya kamar sabon almajiri. Wannan ne karon farko da aka sa ƙwallon zaure a gasar, a madadin ta mutum goma sha ɗaya da aka yi a 2010 da 2014. Ƙasashe goma ne a ɓangaren maza, goma a ɓangaren mata, 'yan wasan kuwa ba wanda ya haura shekara 18. A maza Barazil ta ci zinare bayan ta doke Rasha da ci 4 da 1. Masar, wadda ta wakilci Afirka, ta karɓe tagulla daga hannun masu masaukin baƙi da ci 5 da 4, a gaban jama'arsu. A mata Fotugal ta doke Japan da ci 4 da 1. Abin da ya sa muka miƙe zaune kuwa shi ne ganin tutarmu, kore da ja da rawaya, a ɓangaren mata: Kamaru ce ta wakilci nahiyar. Ba su wuce zagayen rukuni ba, amma rukunin nasu shi ne ya ƙunshi Fotugal da Japan, wato su biyun da suka kai wasan ƙarshe.

Mu masu aikin rubuta hukunci ne, don haka dokokin wasan suka fi jan hankalinmu. Filin gasar ƙasa da ƙasa mita 40 ne a tsawo da 20 a faɗi a mafi yawan lokuta, amma doka ta yarda da mita 25 da 16 a wasannin gida. Raga mita uku ce da biyu. Ana buga minti 20 sau biyu, agogo na tsayawa duk lokacin da ƙwallo ta fita. Ƙwallon ta fi ta babban fili ƙanƙanta, kuma an yi ta yadda ba ta yawan tsalle, ƙasa take bi. Babu satar gida. Idan ta fita ta gefe ba a jefo ta da hannu, da ƙafa ake mayar da ita, cikin daƙiƙa huɗu. Ana sauya 'yan wasa ba iyaka, don haka babu yaron da zai wuni a benci yana kallo.

Akwai doka ɗaya da muka daɗe muna juya ta a zuci. Laifuffukan 'yan wasa ba a lissafa su a kan mai yi shi kaɗai, tara su ake yi a kan ƙungiya. Idan suka kai biyar a rabin lokaci, daga na shida abokan hamayya za su samu bugu daga mita 10 ba tare da katangar mutane ba. Wato gangancin mutum ɗaya bashi ne a kan kowa. Wa ya fi mu sanin wannan? A garin da muke 'yan tsiraru, idan Bahaushe ɗaya ya yi abin kunya a kasuwa, ba sunansa ake kira ba, cewa ake yi Hausawa sun yi. Shekaru muna faɗa wa yara haka da baki, ashe akwai wasan da ke koyar da shi da ƙafa.

Da muka bi asalin abin sai jikinmu ya ƙara sanyi. A 1930, shekarar da Yurugwai ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta farko ta kuma cinye, wani malami mai suna Juan Carlos Ceriani a birnin Montebidiyo ya tsara wasan domin yara su buga a filayen ƙwallon kwando na cikin ɗaki. Daga can ya bazu zuwa Barazil, inda ya samu gindin zama a cunkusassun birane. Hukumar FIFA ta fara gasar duniyarsa a 1989 a Holan. A nahiyarmu Masar ta ci kofin Afirka uku na farko, Maroko kuma ta ci na 2016 da 2020 da 2024. Turai ta buɗe gasar 'yan ƙasa da shekara 19 a 2019 a birnin Riga, Sifaniya ta ɗauka. Shi wancan malami ya ga yara da ƙaramin wuri, sai ya rage wasan ya dace da wurin. Mu mun ga yara da ƙaramin wuri, sai muka kori yaran.

Washegarin wasan ƙarshe, bayan Asuba, muka ari ma'aunin wani magini muka auna daɓen, mu da yaron. Mita 31 da 17. Ya dube mu, muka dube shi, ba wanda ya yi magana.

Magatakarda ba ya tayar da magana a fada, rubutawa yake yi. Ranar Juma'ar da ta biyo baya muka karya wannan al'ada. Muka faɗi muka yi gaisuwa muka ce, "Ranka ya daɗe, akwai takardar da hannunmu ya rubuta, muna roƙon a sake dubanta." Muka kawo zancen sahun Magariba, da na harshe, da na yaron da ya karye. Wani dattijo ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Muka ce haka ne, amma wannan karon yaro ne ya nuna mana, mu muna ƙasa muna kallon gilashi. Aka yi shiru. Sai Liman ya ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, alfarmar masallaci ita ce manufa, kuma masallacin da yara suka ƙaurace masa bai samu alfarma ba. Sarki ya ce a rubuta.

Takarda ta biyu ta fi ta farko tsawo. Wasa daga bayan La'asar zuwa minti goma sha biyar kafin Magariba. A sa wa tagogi waya. Mutum biyar-biyar, da ƙwallon da ba ta tsalle. Ranar biki ko rasuwa babu wasa. Wanda ya yi zagi ya fita. Sharaɗi na ƙarshe namu ne, mun kuma sha dariya a kansa: a kan daɓen nan da Hausa za a kira ƙwallo. Yau idan ka bi ta wurin za ka ji "miƙo", "bar masa", "rufe gida". Ba mu ce dukan matsaloli sun ƙare ba. Gilashi ya sake fashewa sau ɗaya, yaran suka haɗa kuɗi suka biya. Amma sahun Magariba ya dawo, har da wasu yaran maƙwabta waɗanda ba Hausawa ba, da ke zuwa wasa suna tafiya da kalmominmu a baki.

Saura magana ɗaya da ba mu warware ba, ba kuma za mu ɓoye ta ba. Malamar Islamiyyar mata ta tare mu wata rana ta ce, "Malam, tutar da kuka gani a wayar nan, 'yan mata ne suka ɗauke ta. Namu fa?" Muka kawo zancen sutura da cakuɗuwa. Ta ce tun 2014 masu dokar ƙwallo suka halatta rufe kai a fili, matan Iran kuma da lulluɓinsu suka ci kofin Asiya na wannan wasa a 2015 da 2018, sannan harabar makarantarta tana da katanga da ƙofa. Ba mu samu abin ce mata ba. Mun kai maganar fada sau biyu, sau biyu ana cewa a dakata. Takardarta tana nan a cikin jakarmu.

Dalilin wannan dogon rubutu shi ne, an kawo shawarar a gina shaguna shida a kan daɓen, kuɗin hayarsu ya riƙa biyan wuta da ruwan masallaci da ɗan alherin ladan. Masu shawarar ba mugaye ba ne, kuma mu da ke riƙe da littafin kuɗi mun fi kowa sanin cewa asusun ya rame. Amma shago ana iya gina shi a bakin titi, ana iya hawa da shi bene. Sarari kuwa idan ya tafi a unguwa irin tamu, ya tafi ke nan har abada. An tsayar da gasar Olamfik ta matasa ta gaba a Dakar, daga 31 ga Oktoba zuwa 13 ga Nuwamba 2026, karo na farko a ƙasar Afirka, kuma ƙwallon zaure na cikinta. Ba mu yi wa kowa alkawarin cewa ɗan unguwarmu zai taka wancan zauren ba. Abin da muke so shi ne, ranar da za su kalla, su kalla suna da nasu daɓen a bayan masallaci, ba a ƙetaren titi ba.

Za a zauna kan maganar bayan sallar Juma'a ta ƙarshen wata. Iyaye su zo, masu ra'ayin shago da masu ra'ayin fili, kowa ya faɗi nasa. Duk abin da dattawa suka yanke mu za mu rubuta, aikinmu ke nan. Amma mun riga mun rubuta irin wannan takarda sau ɗaya, mun kuma ga abin da ta haifa. 'Yan'uwa na sauran garuruwa da zanguna, kafin ku yanke hukunci a kan naku sararin, ku ari ma'auni ku auna shi tukuna.

Allah ya shirya mana zuriya, ya yafe mana kurakuran alƙalaminmu. Wassalam.