Wankin Safar Wankin Mota

Masu iya magana kan ce, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Mun sha jin wannan karin magana a aji, mun ma sha rubuta shi a takardar jarrabawa, amma ba mu san nauyinsa ba sai ranar da muka tsuguna gaban wata baƙar mota a unguwar Sabo ta birnin Ibadan, gumi yana karyo mana, alhali kuwa hadari ne a sama.

Ga yadda abin ya faro. A ranar 14 ga Fabrairu, 2022, malaman jami'o'in ƙasar nan suka shiga yajin aiki, ba su kuwa janye ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Mu uku ne 'yan ɗaki ɗaya. Da yake an ce na gargaɗi ne na mako huɗu, sai muka ƙi tafiya gida, muna jiran a koma. Mako ya zama wata, guzuri ya ƙare, ga kuɗin mota zuwa Arewa ya fi ƙarfinmu. Ɗayanmu haifaffen Sabo ne, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916, shi ne ya kai mu wurin wani dattijo mai wurin wankin mota, wanda kowa ke kira Baba.

Mun je da tunanin cewa wankin mota ba ya buƙatar koyo, tunda ruwa ne da omo da tsumma. Baba bai yi mana musu ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya miƙa wa kowannenmu bokiti biyu da wata safar hannu mai kauri, mai gashi-gashi kamar bayan tunkiya, wadda ake zura hannu a ciki a goge jikin mota. Bokiti ɗaya na kumfa ne, ɗaya na ruwa zalla. Sai an fesa wa mota ruwa ƙura ta sauka, sannan a fara daga sama a gangaro ƙasa. Duk ɓangaren da aka goge, a ɗauraye safar a ruwa zalla kafin a mayar da ita cikin kumfa. Safar taya da ƙasan mota daban take, launinta ma daban, ba ta taɓa hawa bodi. Sa'an nan ya ce, "'Ya'yana, doka ɗaya ce ba na yafe ta. Safar da ta taɓa ƙasa ta gama aikin ranar."

Akwai wani yaro ɗan kimanin shekara goma sha uku, wanda aikinsa ke nan wanke safofin da yamma, da shanya su. Shi ne mafi ƙarancin lada a wurin. Yakan kira mu "Yaya", mu kuwa, gaskiyar magana, ba mu ɗauki aikinsa a bakin komai ba.

Ranar wata Juma'a cikin watan Yuni, wani Alhaji, wanda ya yi shekaru yana kawo wa Baba wanki, ya kawo sabuwar motarsa baƙa, ya ce a hanzarta kafin lokacin masallaci. Muna cikin aiki safar ta suɓuce daga hannun ɗayanmu ta faɗi. Ba za mu ce wane ba, domin mu ukun duk mun gani. Busassun safofi sun ƙare, saura suna kan igiya da danshinsu, domin an kwana biyu ana ruwa. Gudun kada wankin hula ya kai mu dare, sai aka ɗauke ta, aka karkaɗe, aka tsoma cikin kumfa, aka ci gaba da goge bonet da ƙofa biyu. Muddin motar tana jiƙe, ba abin da ya bayyana. Da muka tsane ruwan, rana ta ɗan leƙo, sai ga zane-zane sirara a zagaye kamar saƙar gizo-gizo, da wani dogon ƙarce guda daga tsakiyar bonet har zuwa fitila.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya shafa wurin da yatsa, ya dubi Baba ya ce, "Baba, a wurinka?" Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, gyara yana wuyana." Bayan motar ta tafi ya tsefe safar, ya fito da ƙwayoyin yashi a tafin hannunsa. Ya kira yaron nan ya ce, "Kai, haka ka wanke ta jiya?" Yaron ya rantse ya wanke ta sarai, yana kuka. Baba ya ce ya tafi gida sai ya neme shi. Muna tsaye, ba wanda ya ce uffan.

Daren nan ba mu rintsa ba. Kuɗin da muke tarawa na rajista ne da hayar ɗaki, mun kuwa san in muka yi magana za su tafi wurin mai fenti. Muka yi ta kawo wa kanmu uzuri: ai yaro ne, zai samu wani aikin, ai Baba zai huce. Amma duk uzurin da muka kawo, sai mu tuna yaron ya dube mu kafin ya fita, kuma ya ga lokacin da safar ta faɗi, bai dai tona mu ba. Da asuba muka tafi muka faɗa wa Baba gaskiya. Ya daɗe shiru, sa'an nan ya ce, "Na sani. Yashin wurin nan ja ne, kuma sabo ne a jikinta. Jira nake in ga ko karatun naku ya kai nan."

Hukuncinmu biyu ne. Na farko, ladan mako uku ya tafi wurin mai fenti. Na biyu, aka dawo da yaron, aka ce shi zai koya mana wankin safa, mu riƙa yi a ƙarƙashinsa har wata guda.

A nan muka gane cewa aikin da muka raina yana da ƙa'idoji. Da farko akan ware safar bodi daga ta taya, domin ta taya tana ɗauke da baƙin mai da ƙurar birki. Akan sa ta ƙarƙashin tiyo, a riƙa tsefe gashin da yatsu har zuwa gindinsa, inda yashi ke maƙalewa. Sai a jiƙa ta cikin ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulun ruwa, a cuɗa a hankali. Omo na gari, in bai narke sosai ba, yakan bar tsaki a cikin gashin. Ba a sa bilic, ba a kuma sa ruwan nan mai ƙamshi da ake tausasa tufafi da shi, domin yana lulluɓe zaren har ya daina shan ruwa. Ba a haɗa ta da tawul na auduga, saboda tana kwashe ɓurɓushinsa ta kai jikin mota. A ɗauraye har sai ruwan ya fito garau, a juya cikinta waje a sake ɗaurayewa. Wajen tsanewa kuwa, dannawa ake yi, ba a murɗa ta kamar zane.

Shanya ita ce babbar jarrabawa. Mu da muka saba da Arewa, inda riga kan bushe kafin a gama hira, sai ga mu a garin da damina ke kaiwa har Oktoba, iska kuma cike da laima. Safar da aka bari cikin bokiti ko leda, kwana ɗaya ya isa ta yi wari, daga nan sai fumfuna. Yaron yakan rataye su a inuwa, inda iska ke ratsawa, bakinsu yana kallon ƙasa don ruwa ya ɗige, nesa da titi don gudun ƙura. Ba a shanya su kan kwano mai zafi ko kusa da wuta, ba a kuma shimfiɗa su kan siminti ko katanga. Sai ya zura hannu ya ji cikin ya bushe ƙayau, sannan ya adana su cikin roba mai murfi.

Bayan an koma makaranta, wani abokinmu mai nazarin duwatsu ya ba mu dalilin abin da yaron ya sani a aikace. A ma'aunin tauri da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, ma'adinin da ya fi yawa a yashi yana kan 7, ya ɗara gilashin taga tauri. Shi kuwa fentin saman mota, wanda ke ba ta sheƙi, kaurinsa kimanin kashi 1 cikin 20 na milimita ne, bai kai kaurin takardar littafi ba. Yawancin safofin kuma da zaren roba ake yinsu, foliyesta da nailan, mai siririn sili wanda aka yi shi don ya kama datti ya riƙe. Abin da ya sa take wanke mota shi ne ya sa ba ta sakin yashi da karkaɗawa, kuma zafi mai tsanani yana taurara silin. Goge ƙarce da inji ma ba mayar da fenti ba ne, rage kaurin na kewaye ne har ya daidaita, don haka ba a yawan maimaita shi.

Saboda haka, ga malamanmu masu motoci, kafin ku miƙa makulli, ku nemi ganin abin da za a goge motar da shi, da inda ake shanya shi. Ga 'yan'uwanmu ɗalibai kuwa da wani hutun dole zai kai irin wannan sana'a, ku girmama mai wanke kayan aiki, domin tsabtar duk abin da za ku taɓa a hannunsa take.

Mun biya kuɗin rajista a makare, da bashi. Alhaji ya ci gaba da kawo motarsa. Ranar da muka je sallama, mun tarar da yaron yana duba igiyarsa. Ya ciro wata safa da muka wanke, ya tsefe ta, ya ɗaga ta sama ya duba, sa'an nan ya ce, "Yaya, wannan ta yi."