Shata Yana Sarƙewa a Bakin Dinder

Da magariba sabis ya fi yin nauyi a ƙauyukanmu na bakin kogin Dinder, don lokacin ne kowa ya dawo daga gona ya ɗauki waya. Ka kunna Bakandamiyar Shata a YouTube, kalangu ya fara, sai da'irar nan ta hau juyawa a tsakiyar allo, 'yan amshi su maƙale da rabin kalma.

Ba wayar ce ta lalace ba. Takan tara ɗan guntun waƙa a gaba kafin ta rera. Idan abin da ke shigowa bai kai saurin abin da ake ji ba, tanadin ya ƙare. Shi ya sa nake sauke hoton zuwa 144p, tunda kunne nake ciyarwa. In hana WhatsApp jan bidiyoyin zaurukan dangi a ɓoye, in dakata jim kaɗan layin ya cika.

Tun katsewar sadarwa da aka yi mana a Fabrairun 2024 na daina dogara da sauraro kai tsaye. Da asuba nake sauke waƙoƙin cikin memori, in tura wa maƙwabta ta Bluetooth. Dattawanmu da suka saba da kaset ba su ga abin mamaki ciki ba.