Karen Maigidanmu da Ƙofar Shagon Baba



A Sabo ta Ibadan aka haife ni, unguwar da aka ware wa Hausawa tun 1916, amma shagon goron Babanmu yana wajen Mokola, a gidan wani dattijo Bayarabe muke haya. Dattijon yana da wani jan kare. Kullum da sassafe sai ya zo gindin katangar shagon ya ɗaga ƙafa ya yi fitsari, sannan ya juya baya ya yi ta tona ƙasa da ƙafafunsa, ƙasar tana fallatsa har kan huhunan goro, wani lokaci har inda Baba yake shimfiɗa buzun sallah.

Wallahi abin ya ci wa Baba rai. Shi a ganinsa wulakanci ne, har ya fara cewa koya wa karen aka yi don mu gaji mu tashi. Ni kuwa na ɗauka binne ƙazantarsa yake yi kamar mage, rashin iyawa ne kawai. Ran da Baba ya ɗauki sanda, gabana ya faɗi, don duk wanda ya zauna a garin mutane ya san dukan karen maigida ba ƙaramar magana ba ce.

Na ce, "Baba, ku ba ni kwana biyu."

Na shiga intanet na yi ta karatu, ashe ni da Baba duk mun kuskure. Mage ɓoye warinta take yi, kare kuwa tallar nasa yake yi. A tafin ƙafarsa da tsakanin yatsunsa akwai wasu ƙananan mafitar gumi da wari, idan ya karce ƙasa sai warin ya zauna a wurin, ya haɗu da na fitsarin. Zanen farcen kuma alama ce ta ido, ko daga nesa wani kare zai gani. Kerkeci ma haka yake yi a daji. Wani masani ɗan Amurka, Marc Bekoff, ya yi rubutu a kan wannan ɗabi'a tun 1979.

Sai na fara lura. Ashe katangarmu ita ce ƙarshen gidan, kuma ta nan karnukan layin baya suke bi su tafi bola. Da su yake magana, mu ko kallo ba mu ishe shi ba.

Da na yi wa Baba bayani sai ya yi shiru, can ya ce, "To shi ma iyakarsa yake tsaro ke nan." Bai yi dariya ba. Shekara talatin yana buɗe ƙofar nan, har gobe Malla baƙo ake ce masa.

Mun je mun gaida dattijon da goro fari guda goma, ya yarda a riƙa ɗaure karen har mu gama shimfiɗa kaya. Wanke gindin katangar kuwa kafin Baba ya iso, wannan ni aka bar wa.