Daga Ajingi Zuwa Gindin Dala: Yini Guda a Birnin Kano

Duk lokacin da na je hutu Kano, 'ya'yan goggona sai sun tsokane ni da "baƙauyen Ajingi". Ina dariya a fuska, amma abin yana ci mini rai. A hutun da ya wuce ne na sami amsar da zan ba su.

Bayan sallar asuba ni da yayana muka hau mota. Muka bi ta Gaya, muka haye gadar Wudil, hantsi bai gama ɗagawa ba muna cikin birni. Adaidaita sahu ta sauke mu a Gidan Makama, kusa da fadar Sarki. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, ga sanyi a ciki kamar randa. An ce a ƙarni na 15 aka gina shi saboda Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499. Yau gidan adana kayan tarihi ne. Mun ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da sulke, da takubba, da hotunan zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903.

Da mai yi mana bayani ya ji daga inda muka fito, sai ya yi murmushi. Ya ce bisa tarihin baka, maƙera ne daga Gaya suka zo gindin dutsen Dala neman tama, suka zauna. Su ake kira Abagayawa, kuma ana cewa sunan shugabansu Kano, shi garin ya gada. Na tsaya baki buɗe. Ashe daga ƙasarmu aka ɗauko garwashin!

Daga nan muka gangara Kasuwar Kurmi, wadda ita ma a zamanin Rumfa aka kafa ta. A layin masu littattafai ga Ishiriniya, ga Ahalari, ga waƙoƙin ajami jibge. Kuɗin da na tara na sayen takalmi ne, amma na daure na nemi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934. Wani dattijo ya lalubo mini shi, har ya yi mini ragi da ya ji ni ɗan makaranta ne.

Da la'asar muka isa gidan Goggo. Na durƙusa na gaishe ta, na miƙa tsarabar daddawa da gyaɗa.

"Ɗan nan, har ka tuna da ni? Yaya mutan gida?"

"Lafiya lau, Goggo, suna gaishe ki."

Ana cikin cin tuwo 'ya'yanta suka fara halin nasu. Na tambaye su, "Waye a cikinku ya taɓa shiga Gidan Makama?" Shiru. Na kwashe labarin maƙeran Gaya na faɗa musu. Goggo ta ce ita ma haka ta ji daga bakin kakanta.

Ɗan'uwa ɗalibi, in ka sami shiga birni, kada ka ƙare a kallon motoci. Ka shiga gidan tarihi, ka yi tambaya, ka sayi littafi ko guda ɗaya, ka gaida dangi. Mun iso Ajingi bayan isha'i da tsohon takalmina a ƙafa. Littafin kuwa yanzu yana hannun mutum na biyar a ajinmu.