Rajistar dariya a Gazawa

Jarida ba ta da tsawon rai: yau a karanta ta, gobe mai tsire ya ƙunshe nama da ita. Amma a Gazawa, bisa hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, akwai wani tsohon mushen lakwal da ya kuɓutar da wasu shafuna daga wannan ƙaddara. Tun 1990, shekarar da Haské ta buɗe wa jaridu masu zaman kansu ƙofa, ya shiga yanke filayen barkwanci da zanen ba'a yana liƙa su da ƙaro cikin wata tsohuwar rajista. Jawaban manya kuwa ya bar wa mai tsire.

Yana cin karatunsa kamar goro, ɓari-ɓari. Mafi yawan rubutun da Faransanci yake, don haka idan ƴan kasuwa abokan hirarsa suka taru, sai ya juya musu da Hausa. Wata ba'ar takan mutu a hanya, wata kuma ta ƙara gishiri, har mai sayar da aya ya riƙe ciki.

Me ke cikin rajistar? Akwai ɗan siyasar da ke sauya jam'iyya kamar hula bayan babban taron ƙasa na 1991. Akwai ma'aikacin da wata ya mutu, wani ya tsaya, albashi shiru, yana sauya hanya don gudun mai kanti. Akwai faɗuwar darajar sefa ta Janairun 1994, lokacin da tamma ɗaya ta Faransa ta tashi daga 50 zuwa 100, kuɗin magani ya haye sama. Duk wanda ya rayu a zamanin ya san abin bai da daɗi, amma dariyar ce ta adana ɗacinsa dalla-dalla, fiye da duk wata sanarwar gwamnati.

Marubutan nan magadan ƴan kama ne da taubasai, masu faɗa wa babba gaskiya yana murmushi. Wasan taubasantaka na Nijar ma UNESCO ta sanya shi cikin gadon ƴan Adam a 2014. Sai dai taubashi al'ada ce ke kare shi, ɗan jarida kuwa ba shi da wannan garkuwa: bayan juyin mulkin Janairun 1996, da dama sun sha kamu. Shi ya sa mushen ke girmama ba'ar da ta taɓa mai iko, yana tsallake wadda ke yi wa baƙauye dariya don bai iya Faransanci ba.

Abokan gaban irin wannan taska yanzu su ne gara da damina. Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke da tsofaffin jaridu cikin akwati, ya fito da su, ya ɗauki hotonsu da waya, ya karanta wa ƴaƴansa, su san abin da iyayensu suka jure suna dariya.